Lambar Lasisin Haɓakawa ta Windows 7 Ta Ƙi Shiga Bayan Sauya Faifan Ajiya: Ina Matsalar Take?

Tambaya: Ina da tsohuwar kwamfutar tebur a shagona na buga takardu. Ta hannu na saye ta, kuma a jikinta akwai sitikar Windows Vista Business. Shekarun baya an ɗora mata Windows 7 Professional daga kwalin asali mai ɗauke da rubutun "Upgrade", ta yi ta aiki lafiya. Kwanan nan faifan ajiyarta ya mutu, na sa sabo, na sake ɗora Windows 7 daga faifan DVD na cikin kwalin, amma da na shigar da lambar lasisi sai ta ƙi, aka nuna mini 0xC004F061. Ba zan iya barin Windows 7 yanzu ba, domin injin yankan sitika da nake aiki da shi ba ya tafiya sai da shi. Wani ya ce lambar jabu ce, in bari a sa mini manhajar fasa lasisi. Wani kuma ya ce in wuce Windows 10 da lambar. Wanne ne daidai?

Amsa: Malam, saƙon da ka gani ba ya nufin lambarka jabu ce, kuma ba ya nufin ta ƙone. Abin da 0xC004F061 ke faɗa shi ne cewa lambar da aka shigar ta haɓakawa ce, an yi ta ne domin ɗagawa daga wani tsohon Windows zuwa Windows 7, alhali shi manhajar ɗorawa bai tarar da wani Windows a kan faifan ba lokacin da yake aikinsa. Da yake faifanka sabo ne fil, babu komai a kansa, sai Windows ya rubuta a cikin rajistarsa, wato ma'ajiyar da yake adana saitunansa, cewa an ɗora shi a kan wofi, kuma wannan rubutun ne ke hana lambar shiga. Matsalar tana da gyara, kuma bisa abin da ka bayyana kana da haƙƙin yin gyaran. Amma kafin in kai ga matakai, ina so ka fahimci abin da ka mallaka, domin yawancin ruɗanin da ake samu a wannan sha'ani yana fitowa ne daga cakuɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne: izinin amfani da manhajar, da kuma binciken da manhajar ke yi kafin ta yarda cewa kana da izinin.

Lokacin da kamfanin Microsoft ya fitar da Windows 7 a ranar 22 ga Oktoba, 2009, ya sayar da bugun Home Premium da Professional da Ultimate a kwali iri biyu. Akwai cikakken lasisi, wanda ake iya ɗorawa a kan kowace kwamfuta ko da ba ta taɓa ganin Windows ba, akwai kuma lasisin haɓakawa, wanda ya fi araha. A Amurka a wancan lokacin, bugun Professional cikakke dala 299.99 ne, na haɓakawa kuma dala 199.99, Home Premium cikakke dala 199.99, na haɓakawa dala 119.99. Abin da ke cikin faifan kuwa, bayan an gama ɗorawa, Windows ɗaya ne ba bambanci, ba a rage wa mai lasisin haɓakawa komai ba. Rangwamen da aka yi masa saboda an ɗauka ya riga ya biya kuɗin Windows XP ko Vista ne a kan wannan kwamfutar. Ya yi kama da musayar waya da ake yi a kasuwa, inda mutum zai miƙa tsohuwarsa ya yi ciko ya karɓi sabuwa: wanda bai zo da tsohuwa ba ba a yi masa wannan farashi, wanda kuma ya miƙa tasa ba ya komawa gida da ita. Sharuɗɗan lasisin sun faɗi haka ƙarara, cewa dole ne ka fara mallakar lasisin manhajar da ta cancanci haɓakawa, kuma da zarar ka haɓaka, sabuwar yarjejeniya ta maye gurbin tsohuwa, ba ka da izinin ci gaba da amfani da tsohon Windows ɗin a wata kwamfutar daban ko sayar da shi.

To, kai kana da tsohon lasisin? Sitikar Vista Business da ke jikin kwamfutarka ita ce shaidarsa, matuƙar ta asali ce kuma da ita kwamfutar ta fito daga masana'anta. Irin wannan lasisi, wanda kamfanoni irin su Dell, HP da Lenovo ke ɗorawa kafin su sayar, ana kiransa OEM, kuma ƙa'idarsa ita ce yana manne da kwamfutar da ya zo da ita har ƙarshen rayuwarta. Idan aka sayar da kwamfutar, lasisin ya bi ta zuwa hannun sabon mai ita, shi ya sa sayenka na hannu bai ɓata komai ba. Abin da ake ɗauka a matsayin ainihin kwamfutar a wannan lissafi shi ne madabod, wato babban allon da komai ke haɗe da shi. Sauya faifan ajiya, ko ƙara RAM, ko sauya akwatin wuta, ba ya mayar da ita wata kwamfuta. Saboda haka mutuwar faifanka ta tafi da kwafin Windows da ke kansa, amma ba ta tafi da izininka ba. Wannan shi ne ginshiƙin amsar gaba ɗaya, kuma da a ce ka ce mini kwamfutar haɗa ta aka yi daga kayan gwanjo ba tare da wani lasisin XP ko Vista ba, da amsata ta sha bamban, domin a wannan hali babu dabarar da za ta mayar da lasisin haɓakawa cikakke, ko da allon ya nuna cewa an tabbatar da shi.

Yana da kyau a san yadda binciken ya sauya daga zamani zuwa zamani, domin masu gyara da yawa suna aiki da abin da suka sani daga XP su ɗauka haka Windows 7 yake. A zamanin XP, faifan haɓakawa yana yarda a ɗora shi a kan faifan ajiya marar komai, sai dai a tsakiyar aikin zai tsaya ya ce a sa masa faifan CD na tsohon Windows, kamar Windows 98 ko Me, ya duba shi, sannan ya ci gaba. Da Vista ya zo a 2007 sai aka cire wannan hanya, aka ce dole ne a fara ɗorawar daga cikin tsohon Windows da ke aiki. Windows 7 ya sassauta kaɗan: kana iya tayar da kwamfuta daga faifan DVD, kuma idan manhajar ɗorawa ta hango tsohon Windows a kan faifan ajiya kafin a goge shi, za ta riƙe wannan a ranta, ko da daga baya ka yi wa ɓangaren faifan fomat, wato ka goge shi, daga cikin manhajar ɗorawar kanta. Abin da ba ta yi shi ne tambayar faifan tsohon Windows ko lambar da ke kan sitika. Ba ta da hanyar sanin cewa akwai sitika a jikin akwatin. Wannan gibi ne a tsarin, kuma masu gaskiya irinka, waɗanda faifansu ya mutu ko suka sa sabo, su ne suka fi faɗawa cikinsa. Daga nan kuma akwai darasi ga duk wanda faifansa bai mutu ba tukuna: idan za ka sake ɗora Windows 7 da lambar haɓakawa, kada ka goge faifan da wata manhaja daban kafin ka fara, bari manhajar ɗorawa ta ga tsohon da idonta sannan ka goge daga cikinta.

Yanzu ga gyaran. Tun da ka riga ka ɗora Windows 7 kuma yana tashi, ba sai ka goge komai ba. Windows 7 yana ba da kwana 30 na aiki ba tare da tabbatar da lasisi ba, don haka kana da sarari. Kafin komai, duba kwanan wata da agogon kwamfutar. Kwamfutocin zamanin Vista sun haura shekara goma sha biyar, kuma ƙaramin batirin da ke kan madabod, mai lamba CR2032, yakan mutu, sai agogo ya koma wata tsohuwar shekara duk lokacin da aka ɗauke wuta. Idan kwanan watan ba daidai ba ne, sadarwa da sabobin Microsoft, wato manyan kwamfutocinsa da ke tabbatar da lasisi ta intanet, ba za ta yiwu ba, kuma za ka ga wani saƙon daban, 0x80072F8F, ka ɗauka lambar ce ta sake ƙi. Sauya batirin idan ya mutu, ka daidaita lokaci, sannan ka tabbatar cewa bugun da ka ɗora Professional ne, domin lambar Professional ba ta buɗe Home Premium ko Ultimate. Batun 32-bit da 64-bit kuwa ba ya shafar lambar, tana aiki da kowanne. Abin da zai yanke maka hukunci a nan shi ne direban injin yankan sitikarka, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa injin da Windows, ka zaɓi wanda yake da direbansa.

Hanya ta farko, wadda na fi natsuwa da ita ga wanda bai saba taɓa cikin Windows ba, ita ce ɗorawa sau biyu. Kana cikin Windows 7 ɗin da ka ɗora, ba tare da ka sake tayar da kwamfutar ba, sai ka sa faifan DVD, ka buɗe setup.exe daga cikinsa, ka danna "Install now", idan aka kawo maka zaɓi biyu sai ka ɗauki "Upgrade" maimakon "Custom". Zai sake ɗora kansa a kan kansa. Wannan karon ya tarar da Windows a wurin, don haka zai rubuta cewa haɓakawa aka yi, kuma idan ya gama ka shigar da lambarka za ta shiga. Abin lura ɗaya shi ne, idan faifanka na farkon fitowa ne, wanda babu Service Pack 1, wato babban kunshin gyare-gyaren Windows 7, a cikinsa, kuma ka riga ka sa Service Pack 1 bayan ɗorawar farko, zai ƙi, yana cewa Windows ɗin da ke kan kwamfutar ya fi na faifan sabunta. Saboda haka a yi ɗorawa ta biyu kafin a sa wani sabuntawa. Aibin wannan hanya shi ne lokaci, domin a tsohuwar kwamfuta tana iya cin awa guda ko fiye, kuma idan wuta ta ɗauke a tsakiya ana iya komawa farko. Kada ka fara sai kana kan janareta ko inbata da ka amince da ita.

Hanya ta biyu ta fi sauri, ita ce gyara rubutun nan da na ambata a cikin rajista. Ka danna Start, ka rubuta regedit, ka buɗe shi, ka bi wannan hanya: HKEY_LOCAL_MACHINE, sai SOFTWARE, sai Microsoft, sai Windows, sai CurrentVersion, sai Setup, sai OOBE. A gefen dama za ka ga wani suna, MediaBootInstall, da lamba 1 a gabansa. Wannan 1 ɗin ita ce ke cewa an tayar da ɗorawar daga faifai a kan wofi. Ka danna shi sau biyu, ka mayar da shi 0, ka rufe. Daga nan ka buɗe Command Prompt, baƙar tagar da ake rubuta umarni a cikinta, da ikon mai gudanarwa, wato ka danna masa maɓallin dama na linzami ka zaɓi "Run as administrator", ka rubuta slmgr /rearm, ka jira saƙon cewa ya yi, sannan ka sake tayar da kwamfutar. Idan ta tashi, ka danna maɓallin dama a kan Computer, ka zaɓi Properties, ka gangara ƙasa ka danna "Change product key", ka shigar da haruffa 25 na lambarka. Kada ka taɓa wani abu a cikin rajistar ban da wannan suna guda, domin kuskure a can yana iya hana Windows tashi. Ka kuma san cewa umarnin slmgr /rearm sau uku kawai Windows 7 ke yarda a yi shi, don haka ba abin gwaji ba ne da za a yi ta maimaitawa.

Akwai hanya ta uku, wato a fara ɗora Vista sannan a ɗora Windows 7 a kansa, amma ba na ganin amfaninta gare ka. Ɓangaren dawo da Vista na masana'anta ya tafi da tsohon faifan, kuma neman faifan Vista Business mai tsabta a yau wahala ce da ba ta ƙara maka wani haƙƙi a kan wanda kake da shi.

Waɗannan hanyoyi biyu na farko ba sirri ba ne. Cikin kwanaki kaɗan da fitowar Windows 7 a 2009 marubutan fasaha a Amurka suka wallafa su, kuma martanin da ya fito daga ɓangaren Microsoft shi ne cewa yiwuwar abu a aikace ba ta mayar da shi halal ga wanda bai mallaki lasisin da ya cancanta ba. Ina ganin wannan magana daidai ce, kuma tana da fuska biyu. Wanda bai da XP ko Vista ya bi waɗannan matakai, allonsa zai ce an tabbatar, amma a haƙiƙa ba shi da lasisi. Wanda yake da shi, irinka, bai karɓi abin da bai biya ba. Ya gyara kuskuren da binciken ya yi ne game da shi. Na tsaya a kan wannan ne domin ina yawan jin ana cewa "ai ya yi aktibet", kamar wannan shi ne ƙarshen magana. Tabbatarwar da ke kan allo shaida ce kawai cewa lambar ta tsallake bincike. Ofis ko makaranta da za a iya zuwa a binciki manhajojinta, abin da za a nema a wurinta shi ne kwali, da sitika, da takardar saye.

Bayan lambar ta shiga, sauran mataki ɗaya, wato tabbatarwa da sabobin Microsoft, kuma a nan ne za a san ko lambarka tana da wata matsala ta daban. Saƙon 0xC004F061 ya nuna cewa Windows ya gane ta a matsayin lambar haɓakawa, amma bai ce komai ba game da tarihinta. Ka haɗa kwamfutar da intanet, ka rubuta slmgr /ato a Command Prompt, ko ka danna "Activate Windows now". Microsoft ya bayyana cewa ana iya ci gaba da ɗora Windows 7 da tabbatar da shi bayan ƙarewar tallafinsa. Idan aka dawo maka da 0xC004C008, ma'anarsa an yi amfani da lambar fiye da yadda lasisin ya yarda. Wannan yana iya faruwa ga mai gaskiya, domin sabobin suna riƙe da wani taƙaitaccen hoto na kayan cikin kwamfutar da aka fara tabbatarwa a kanta, kuma idan kayan sun sauya da yawa sai su ɗauka wata kwamfuta ce. Maganinsa shi ne tabbatarwa ta hannu: umarnin slui 4 yana fito da wata doguwar lambar shaidar ɗorawa, wadda ake miƙa wa sashen tabbatarwa na Microsoft, a bayyana cewa kwamfuta ɗaya ce, su kuma su ba da lambar amincewa da za a shigar. Amma idan saƙon 0xC004C003 ne, to an toshe lambar, kuma mafi yawan dalilin haka shi ne an sayar da ita ga mutane da yawa ko kuma ta fito ne daga wani rukunin lambobi da ba na sayarwa ba. A nan ne kawai maganar wanda ya ce maka jabu ce za ta yi ƙarfi. Tun da ka ce ta yi shekaru tana aiki daga kwalin asali, ban sa ran ka ga wannan ba.

Idan komai ya yi, ka rubuta slmgr /dlv ka karanta abin da ya fito. Ya kamata ka ga "Licensed" a matsayin halin lasisi, da kalmar RETAIL a layin bayani, da haruffa biyar na ƙarshen lambarka. Wannan umarni yana da amfani ga duk mai sayen kwamfuta ta hannu, a Kano ne ko a Legas ko a Maraɗi, domin yana tona abin da mai sayarwa bai faɗa ba. Idan kwamfutar gida ko ta shago ta nuna VOLUME_KMSCLIENT, to ba lasisin mutum ɗaya ba ne a kanta. KMS tsari ne na manyan ma'aikatu, inda kwamfutoci ke tabbatar da kansu da wata saba ta cikin ma'aikatar, kuma tabbatarwar kwana 180 take yi kafin a sabunta ta. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne cewa lasisin Windows da ma'aikatu ke saye a dunƙule shi ma na haɓakawa ne, dole kowace kwamfuta ta zo da nata lasisin tushe. Ma'aikatar da ta sayi kwamfutoci marasa Windows don rage kuɗi, da tunanin cewa lasisin dunƙule zai rufe su, ta faɗa cikin kuskuren da ya fi naka girma.

Wannan ya kawo ni ga shawarar manhajar fasa lasisi, wadda nake roƙonka ka ƙi. Irin waɗannan manhajoji kala biyu ne a zamanin Windows 7. Wasu suna kwaikwayon sabar KMS a cikin kwamfutar, wasu kuma suna shiga gaban Windows a lokacin tashi su yi masa ƙaryar cewa madabod ɗin na ɗauke da alamar masana'anta da ake kira SLIC. Dukansu suna buƙatar cikakken iko a kan kwamfutar, kuma kusan kullum umarnin farko da ake ba mai sa su shi ne ya kashe manhajar kariya. Ba ka san wanda ya haɗa kwafin da ke yawo a filas ɗin mai gyara ba, ba ka kuma san abin da aka cusa a ciki ba. Kai kuwa shagonka wuri ne da mutane ke kawo takardun makaranta, da katin shaida, da takardun banki don a buga musu, amana ce a hannunka. Ban ga dalilin da zai sa mai lasisin gaskiya ya ajiye shi ya ɗauki na sata tare da wannan haɗari ba. Ko da tabbatarwar ta jinkirta har kwana 30 suka wuce, Windows 7 ba ya kulle mutum waje. Bangon allo ne zai riƙa komawa baƙi, da saƙon tuni a kusurwa, amma aikinka zai ci gaba har ka warware.

Sai maganar Windows 10. Wanda ya ba ka wannan shawara ya faɗi abin da ya taɓa zama gaskiya. Windows 10 ya fito ranar 29 ga Yuli, 2015, da tayin haɓakawa kyauta na shekara guda ga masu Windows 7 da 8.1, inda Professional da Ultimate ke zama Windows 10 Pro, Starter da Home Basic da Home Premium kuma su zama Home. Daga bugun Nuwamba 2015 ma an yarda a shigar da lambar Windows 7 kai tsaye. Tayin ya ƙare a hukumance ranar 29 ga Yuli, 2016, amma sabobin suka ci gaba da karɓar tsofaffin lambobin har shekara bakwai bayan haka, shi ya sa abin ya zauna a zukatan masu gyara kamar dokar da ba ta sauyawa. A watan Satumba na 2023 Microsoft ya sanar da rufe wannan hanya, kuma tun daga lokacin lambar Windows 7 ba ta tabbatar da sabon Windows 10 ko 11. Togaciya ɗaya ce: idan an taɓa ɗora Windows 10 a kan wannan kwamfutar aka tabbatar da shi kafin rufewar, sabobin suna riƙe da lasisin dijital na madabod ɗin, kuma sake ɗora bugu iri ɗaya zai tabbatar da kansa ba tare da lamba ba. Ba ka ambaci cewa an taɓa yin haka ba. Bugu da ƙari, shi kansa Windows 10 tallafinsa ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma yana neman wani sashen tsaro na cikin kwamfuta mai suna TPM 2.0 da sabon tsarin tashi na UEFI da kuma furosesa ta zamani, abubuwan da kwamfutar zamanin Vista ba ta da su. Don haka wannan ƙofa ba ta gabanka, kuma ko da tana buɗe, direban injinka ya riga ya hana ka shiga.

Abin da ya fi damuna a lamarinka ba lasisin ba ne, domin shi za a gama da shi cikin yini guda. Tallafin Windows 7 ya ƙare ranar 14 ga Janairu, 2020, kuma kwafin da ka ɗora daga faifan kwali ya koma yadda yake a 2009, ko 2011 idan mai Service Pack 1 ne, ba shi da ko ɗaya daga cikin gyare-gyaren tsaro na shekarun da suka biyo baya. Daga cikinsu akwai gyaran MS17-010 na watan Maris 2017, wanda ya toshe ramin da cutar WannaCry ta bi a watan Mayun wannan shekarar ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin Birtaniya. Bayan tabbatarwa, ka sa Service Pack 1 idan babu, sannan sabuntawa biyu masu lamba KB4490628 da KB4474419, waɗanda ke koya wa Windows 7 gane sabon salon sa hannun dijital na SHA-2 da Microsoft ya koma amfani da shi a 2019, domin in ba su sabuntawar ƙarshe ba za ta shiga ba. Daga nan ka sauke duk abin da ya rage har zuwa Janairun 2020. Idan ka gama, ra'ayina shi ne ka zare wayar intanet daga wannan kwamfutar gaba ɗaya, ka bar ta ga injin yankan sitika kawai. Chrome ya tsaya a bugu na 109 a kan Windows 7, Firefox kuma a jerin 115, don haka ba wurin buɗe imel ko shiga asusun banki ba ne. Aikin intanet da karɓar fayilolin kwastomomi a yi su a wata na'urar da ke samun sabuntawa, a duba filas a can kafin a kawo shi nan.

Abu na ƙarshe da zan so ka yi, tun da ka ɗanɗani mutuwar faifai, shi ne ka hana wannan wahala maimaituwa. Da zarar Windows ya tabbata, direban injin ya zauna, sabuntawa ta kammala, ka shiga Control Panel, ka buɗe "Backup and Restore", ka zaɓi "Create a system image", ka ajiye cikakken hoton tsarin a faifan waje, sannan ka kwafi faifan gyara a kan CD ko DVD idan ya ba ka zaɓin haka a ƙarshe. Idan sabon faifan ya sake mutuwa, mayar da wannan hoton a kan wani faifan da bai gaza shi girma ba zai dawo da komai yadda yake, ba tare da ka sake bi ta kan binciken haɓakawa ba, ko da yake yana iya neman ka sake tabbatarwa da intanet sau ɗaya. Ka ɗauki hoton sitikar Vista da wayarka tun rubutunta bai goge ba, ka ajiye kwalin Windows 7 da lambarsa a wurin da ba kowa ke gani ba, ka kuma kwafe fayil ɗin direban injin a wuri biyu. Idan wata rana madabod ɗin ne ya mutu, lasisin Vista ya mutu tare da shi, amma na kwalin Windows 7 ana iya mayar da shi kan wata kwamfutar, da sharaɗin ita ma tana da nata lasisin XP ko Vista, kuma an daina amfani da shi a kan ta farkon.